Kofin gilashi mai ƙafa: wane guda ɗaya zan saya da zai yi min komai a gida?

Wata amarya ce ta turo tambaya. Tana haɗa kayan kicin, ta shiga kasuwa ta tarar da kofunan gilashi masu ƙafa, irin waɗanda Turawa suka ƙera don shan giyar inabi, kala-kala: ga dogo siriri, ga mai ƙaton ciki, ga gajere, ga mai bakin ruwan zinare. Ita ba giya za ta zuba ba. Zoɓo ne da kunun aya da lemo, sai ruwan inabin kwalba marar giya idan ta yi baƙi. Kuɗinta ba za su kai ta sayi kowane saiti ba, wurin ajiyarta ma ba shi da girma. Wanne za ta ɗauka?

Amarya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Sana'ata haɗa abin sha a wuraren biki da walima, don haka kofunan da suka bi ta hannuna suna da dama, waɗanda suka fashe ma haka. Ga abin da zan ce ki nema: gilashi zalla marar launi kuma marar zane, mai cin mililita 350 zuwa 450, wanda cikinsa ya buɗe daga ƙasa sannan ya ɗan tsuke zuwa baki, ƙafarsa matsakaiciya, gindinsa mai faɗi. Ki sayi dozin guda iri ɗaya, ki kawar da kai daga sauran ko da mai shago zai rantse miki cewa kicin ba ya cika sai da su.

Yawan nan da ya ruɗe ki ba daɗaɗɗen abu ba ne. A da, a Turai, ado aka fi dubawa a jikin kofi: a yi shi da kauri, a sassaƙa shi, wani ma a ba shi launi. Wani maƙerin gilashi a ƙasar Ostiriya, Claus Riedel, shi ya yayata cewa siffar kofi tana sauya yadda hanci da harshe ke karɓar abin da ke ciki, kuma a 1973 kamfaninsa ya fito da jerin kofuna, kowane nau'in giya da nasa. Daga nan kasuwa ta buɗe, kowane kamfani ya shiga, har aka kai inda za ki ga saiti shida a kanta ɗaya. Amma ki duba abin da masu gwajin ɗanɗanon giya suke aiki da shi. A 1977 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta tsayar musu da kofi guda ɗaya tak: yana cin mililita 215, faɗin cikinsa milimita 65, bakinsa milimita 46. Da shi suke gwada komai. A 2018 kuma Jancis Robinson, 'yar Ingila da ta yi suna wajen rubutu a kan wannan fanni, ta fito da nata kofin guda ɗaya, a kan cewa shi kaɗai ya isa. To idan waɗanda abin ya zame musu hanyar cin abinci sun koma kofi ɗaya, mai zuba zoɓo me zai kai ta saiti huɗu?

Girma shi ne inda aka fi yin kuskure, domin a kanta babban kofi ya fi ɗaukar ido. Masu bincike a Jami'ar Kambirij sun taɓa bin tarihin kofunan Ingila, suka wallafa a 2017 cewa a wajajen 1700 matsakaicin kofi mililita 66 yake ci, a lokacin binciken kuwa ya kai 449. Akwai ma manya da suke haura 700. Su can ba cika shi suke yi ba, ɗan kaɗan suke zubawa a ƙasa, sauran filin na ƙamshi ne. Mu kuwa a nan, ki miƙa wa ƙanwar miji ƙaton kofi da ɗan ruwa a gindinsa, kafin la'asar labarin rowarki ya isa gidansu. Dole ki ƙara, kuma nan lissafi yake ɓaci. Kwalbar ruwan inabi marar giya mililita 750 ce. Idan kina zuba 150 za ta ishi mutum biyar, kuma a kofi mai cin 400 wannan zubin ba ya zama abin kunya. A ƙaton kofi kuwa mutum biyu ko uku sun shanye kwalbar. Ƙarami kuma, irin dogon siririn nan da ba ya wuce 200, ki jefa ƙanƙara biyu ki ga inda zoɓon zai zauna. Mai cin 400 zuwa 450 yana ɗaukar lemon gwangwani guda, wato mililita 330, ba tare da ya tumbatsa ba.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan gilashi ido yana yaudara, domin mai faɗin ciki yakan ci fiye da yadda ake zato. Ki karanta jikin kwali. Idan an rubuta 40 cl, mililita 400 ke nan. Idan 14 oz ne, ya ɗan haura 400 kaɗan. Idan ba a rubuta komai ba, ruwan leda guda rabin lita ne: kofin da ya shanye leda ɗaya har da sauran wuri ya fi ƙarfin aikin gida.

Siffar da nake nufi, ki ɗauka ƙwai ne aka yanke masa kai. Tsukewar bakin nan tana da amfani ko babu giya a maganar. Mafi yawan abin da muke kira daɗin abin sha ta hanci yake shiga, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin komai. Zoɓon da aka dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba ƙamshinsa ne rabin aikinsa, kunun aya mai dabino da kwakwa ma haka. Kofin da bakinsa ya tsuke yana tara wannan ƙamshi daidai inda hanci zai shiga. Wanda bakinsa ya baje kuwa, irin mai kusurwa uku da ake gani a finafinai, ƙamshin watsewa yake, gas ɗin lemo ya fice da wuri, kuma taku uku da tire ya isa abin ya fantsama a kan kafet. Zoɓo a kan farin kafet ba sai na yi miki bayani ba. Ga mai gas, siririn kofi ya fi riƙe kumfa, wannan gaskiya ne, amma bambancin bai kai a sayi saiti guda dominsa ba. Ki karkata kofin yayin zubawa, ruwan ya bi jikin gilashi a hankali, za ki tsira da gas mai yawa.

Ƙafa ba ado ba ce kawai. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, tafin hannu yana ɗumama abin sha cikin ɗan lokaci, kuma kofi mai sanyi yana yin gumi ya jiƙa hannu. Riƙe ƙafa yana raba ki da duka biyun. Sai dai waɗanda suka ƙera dogayen ƙafafun nan teburin cin abinci suke tunani, inda kowa ke zaune a kujera, ba yaro a kusa. Mu baƙinmu sau da yawa a ƙasa suke zama, kofi a kan kafet ko a kan ɗan ƙaramin tebur na gefen kujera, ga mayafi yana shara, ga mai rarrafe yana zagaye. Saboda haka ƙafar da yatsu uku za su kama ta wadatar. Ki kuma gwada faɗin gindin da faɗin cikin: ya kamata su yi kusan daidai. Ki ajiye shi a kan kantar mai shago, ki ɗan tura bakinsa da yatsa. Nagari zai ɗan gusa ya tsaya. Wanda kansa ya fi gindinsa nauyi za ki ga yana rangaji.

Ki shafa ƙafar daga sama har ƙasa. Akwai wadda aka jawo ta daga jikin kofin, babu gaɓa ko kaɗan, akwai kuma wadda aka ƙera daban aka liƙa, za ki ji ɗan tudu a mahaɗar. Ta biyun ba laifi ba ce, mafi yawan masu sauƙin kuɗi haka suke, amma a mahaɗar nan suka fi karyewa. Baki ma iri biyu ne: mai ɗan kumburi a zagaye, da wanda aka yanke aka goge sumul. Yankakken ya fi daɗi a leɓe, mai kumburin ya fi jure buguwa. Ni don gida na fi son yankakke matsakaici. Na hannu da ake hurawa da baki, masu tsananin rashin kauri da tsada, ba zan ba amarya shawarar su ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, wato da me aka yi gilashin. Gilashin yau da kullum yashi ne da soda da farar ƙasa aka narka. Sodar nan 'yar'uwar kanwarmu ce, mutanen Masar na da ma da irin kanwar tafki suke narka yashinsu. Kwalabe da tagogi da mafi yawan tambulan duk da wannan aka yi su, ba ya zuba komai a cikin abin sha, kuma shi ne mai araha. Sai kuma wanda ake kira kiristal, mai ƙyalli da nauyi, wanda idan kika ƙwanƙwasa zai yi ƙara mai tsawo. Asalinsa wani ɗan Ingila ne, George Ravenscroft, da ya karɓi lasisin ƙirarsa a 1674, kuma sirrin ƙyallin dalma ce ake zubawa a cikin narkin. A dokar Turai ta 1969, ba a kiran gilashi kiristal mai dalma sai sinadarin dalmar ya kai kashi 24 cikin ɗari. Kusan rubu'in kofin ke nan.

Dalma ba ta zama lafiya a inda akwai tsami. Abin sha mai tsami yana jawo ta daga jikin gilashi, kuma iya daɗewarsa a ciki iya yawan abin da zai jawo. A 1991 wasu masana a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka sun nuna haka: sun ajiye giya a tulunan kiristal na watanni, dalmar da ke cikinta ta ninka sau da yawa, a kofi ma sun ga ta fara fita tun cikin mintuna. Su giya suka gwada, amma ki tuna me za ki zuba. Zoɓo tsami ne, tsamiya sunanta ma ya faɗa, lemon zaƙi da abarba da lemon kwalba duk tsami ne. Gubar dalma kuwa ba baƙuwarmu ba ce; a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito kuma yawanta ya yi nesa da na kofi. Ba ina cewa wanda ya kurɓi lemo sau ɗaya a kofin kiristal ya shiga uku ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ta fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu illa. Gidan amarya kuwa, in Allah ya yarda, gidan waɗannan biyun ne. Idan an ba ki irinsa gudummawa, ko kin gaji na Hajiya, ki bar shi ya yi ado a kabad. Jog ɗinsa musamman, kada ki kuskura ki zuba zoɓo ki sa a firij ya kwana.

Akwai kiristal na zamani da aka cire wa dalma aka sa wasu sinadarai a madadinta. Kamfanin Schott Zwiesel na Jamus, alal misali, titaniyam da zakoniyam yake sawa a nasa. Irin wannan yana da haske da ƙarfi, ana iya yin shi siriri ba tare da ya zama mai saurin fashewa ba, kuma sukan rubuta a kwali cewa babu dalma. Idan aljihu ya kai, shi ne zaɓina na farko. Idan bai kai ba, gilashin yau da kullum na kamfani sananne ya ishe ki, ba kuma wanda zai raina. Luminarc na Faransa, Paşabahçe na Turkiyya da Ocean na Tailan duk suna yin wannan matsakaicin kofi. Wasunsu an gasa su sun yi tauri, da dabarar da ake yi wa gilashin ƙofar mota, don haka sun fi jure faɗuwa, idan kuma suka fashe sai su tarwatse ƙanana maimakon dogayen tsini.

Na san idonki yana kan mai bakin zinare, domin shi 'yan jere suka fi yabawa. Ki bar shi. Layin nan yana kankarewa da wanki, bayan 'yan watanni za ki ga rabi da zinare rabi babu, wanda ya fi rashinsa muni. Masu zanen fenti a jiki kuma matsalarsu ta fi ta ado: wani bincike a Jami'ar Plymouth a 2017 ya sami dalma da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, a fentin kofuna da yawa, har da wanda ke kusa da baki inda leɓe ke taɓawa. Gilashi mai launi ma ban ga amfaninsa ba. Jan zoɓo da farin kunun aya su ne adon, a bar su a gan su. Kuma a gilashi garau ne kike ganin ko ya wanku, ko wani abu ya faɗa ciki.

Idan kin je saye, ko a Kasuwar Rimi ne ko Sabon Gari ko wani babban kanti, kada ki yarda da wanda aka kafa a kanta kawai. Ki sa a buɗe kwalin da za ki tafi da shi, a fito da su ɗaya bayan ɗaya. Ki ɗaga kowanne a haske ki duba tsaga, ki zagaya yatsa a baki a hankali, domin ɓallewar da ido bai gani ba yatsa zai ji ta. Ki jera su a kan kanta ki sunkuya ki kalle su ta gefe: na ƙwarai tsayinsu ɗaya, na jabu za ki ga wani ya ɗara wani, wani ya karkace. Ƙwayar iska ɗaya a jikin gilashi ba komai ba ce, amma idan sun yi yawa aikin gaggawa ne. Sannan ki yi wa mai shago tambayar da mutane ba sa yi: wannan samfurin kullum kuna kawo shi, ko shigowa ɗaya ya yi? Kofi zai fashe, wannan ba makawa. Mai saiti uku daban-daban, shida-shida, bayan shekara biyu za ta tashi da huɗu na wannan, uku na wancan, biyu na ɗayan, ba wanda zai cika tire. Mai dozin iri ɗaya kuwa shida suna aiki, shida suna kwali, duk wanda ya tafi a fito da magajinsa. Ranar suna ko buɗe-baki da dangi kuma a fito da su duka, tebur ya yi kyau ba tare da an aro na maƙwabta ba.

Akwai abin da ba zai yi miki ba. Shayi da kunun gyaɗa da duk wani abu mai zafi ba nasa ba ne. Gilashin yau da kullum idan zafi ya same shi farat ɗaya, cikinsa yana buɗewa kafin bayansa, sai ya tsage, musamman idan daga firij ya fito. Fura da nono kuma ki bar ta a kwanonta da ludayinta. Yara ƙanana a ba su nasu kofin.

Wasu gidajen ba sa son ganin mai ƙafa kwata-kwata saboda abin da aka san shi da shi. Idan gidan da za ki shiga haka suke, ba abin jayayya ba ne. Akwai mai irin wannan ciki sak amma babu ƙafa, yana zama da gindinsa. Yana tara ƙamshi yadda wancan yake yi, ya ma fi shi wuyar kifewa. Abin da za ki rasa kawai shi ne hannu zai riƙa ɗumama abin shan, sai ki ƙara ƙanƙara.

Mafi yawan kofunan da na gani sun fashe ba a hannun baƙi ba ne, a wurin wanki ne. Mai wanki takan riƙe gindin da hannu ɗaya, ta cusa soso a ciki da ɗayan, ta murɗa. Hannu biyu suna juyawa ta fuska biyu, ƙafa ta ɓalle a tsakiya. Ki tallabe cikin kofin a tafin hannu, ki bar ƙafar ta ratsa tsakanin yatsunki, sannan ki wanke. Ki nuna wa duk wadda za ta taya ki aiki wannan tun ranar farko. A roba za a wanke su, ɗaya-ɗaya, da ruwa mai ɗumi da soso mai laushi da aka ware musu, kuma su za a fara wankewa kafin kwanukan miya. Gilashi yana kama ƙarni fiye da yadda ake zato: soson da ya taɓa kwanon ƙwai ko kifi ya isa ya ɓata miki kunun aya, baƙuwa ta kai baki ta ajiye ba ta faɗa miki dalili ba. Soson ƙarfe kuwa kada ya kusance su.

Idan ruwan unguwarku na burtsatse ne, za ki ga wani farin hazo yana hawa jikinsu. Gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwan yake bushewa a kai. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi da ruwan kal ko lemon tsami na ɗan lokaci, ki ɗauraye, ki goge nan take da tsumman auduga marar gashi maimakon ki bar su su bushe da kansu. Wajen ajiya kuma a tsaye za su zauna, domin baki shi ne wuri mafi rauni, kuma kifaffen kofi yana ɗaukar warin katako. A sa su a kabad mai ƙofa saboda ƙurar hunturu. Idan kabad ɗin a falo yake inda kike turaren wuta, ki sani hayaƙin yana shiga ya kwanta a jikin gilashi, don haka ko da kin san a wanke suke, ki ɗauraye su kafin ki zuba wa baƙo.